Ranar da Aka Gwada Zuciyar Yaya

Yayana shi ne mai ƙarfin gidanmu a Ruwan Godiya. Buhun masara shi kaɗai yake ɗora shi a mota, ba ya jiran a kama masa. Da ya fara cewa ƙirjinsa na zafi in yana huɗa, duk muka ce ƙwannafi ne. Matarsa ta riƙa jiƙa masa kanwa. Ni ce na matsa masa, na baro wajen koyarwata a Ƙanƙara na raka shi, har aka tura mu babban asibiti a birni.

A kwance aka fara auna shi, ba a ga komai ba. Sai likita ya ce zai gwada zuciyar tana cikin aiki. Aka aske gashin ƙirjinsa, aka manna masa wayoyi, aka nuna masa wani inji mai shimfiɗa da ke tafiya ƙarƙashin ƙafa.

Yaya ya yi dariya. "Likita, wagga tafiya da ba a zuwa ko'ina? Ni da nike zuwa Daudawa a ƙasa?"

"Hau dai, Malam. In ka ji wani abu ka faɗa mini."

Da farko har waiwayowa yake yana tsokanata. Aka ƙara gudu, injin ya ɗaga kamar hawan tudu. Sai na ga ya daina tsokanar. Gumi ya keto masa, ya damƙe ƙarfen gefen injin da hannu ɗaya, ɗayan ya dafe ƙirji. Likita ya tsayar da injin da sauri, suka kwantar da shi, aka sa masa ƙwaya ƙarƙashin harshe. Ni dai salati nake.

Da ya farfaɗo, likita ya ce hanyoyin jinin zuciyarsa sun tsuke, in ya yi aikin ƙarfi jini ba ya isarta.

"Yayan nawa?" na ce. "Ko ciwon kai ba ya yi!"

Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce Mairuwa. Sai Yaya ya ce, "Kada ki hwaɗa ma Inna tukuna."

Amma mahaifiyarmu ta gane tun kafin mu zauna. Yanzu yana shan magani, yana komawa asibiti. 'Ya'yansa ke riƙe da garma, shi kuwa yana zaune a bakin gona yana yi musu faɗa in kunya ta karkace.