Ranar da Baffa Ya Kai Ni Kasuwar Shanu

Jiya 'yata ta dawo daga lise, wato sakandare, ta ce, "Baba, an tambaye mu aikin da muke so, na rasa amsa." Sai marigayi Baffa, ƙanin mahaifina, ya faɗo mini a rai.

Shi ba ya tambayar yaro, a moto, wato babur, yake ɗaukarsa zuwa inda ake aiki. Lokacin da mahaifina ya nace in gaji shagonsa, Baffa ya kai ni kasuwar shanun Garwa. Cikin warin kashi da magani, likitan dabbobi yana ɗinke wa saniya ciki. Baffa ya ce mini, "Matsa kusa, ka gani." Aikin nake yi har yau.

Tun da muka binne Baffa, hawaye bai zo mini ba. Allah ya yalwata masa kabari.