Ihun da Ke Riga Ƙwallo

Ni ban san ƙwallo ba, har yau ban san ta ba. Abin da na sani kifi ne da mai da wuta. Shekara da shekaru ina suyar karfasa a gindin dalbejiyar bakin hanya a Tiga, kuma mai suya ba ta da aikin da ya wuce kallon mutane kafin kifi ya yi ja.

Ɗana na fari masunci ne kamar ubansa. Da kamu ya ja baya sai ya sayar da kwalekwale ɗaya, ya kafa rumfar kwano a bayana, ya je Kano ya ɗauko talabijin mai faɗin ƙyauren ɗaki, da akwatin da ke kawo mata manyan wasanni. Sau ɗaya na leƙa da safe, ba kowa. A cikin talabijin na ga ciyawa ɗaya-ɗaya, na ga gumi yana gangarowa a wuyan wani mutum kamar in sa hannu in share. Na ja da baya, ban ko yaba masa ba. Dama ba ma doguwar magana da shi. Ɗan fari ne, kakarsa ta raine shi, ban taɓa kiran sunansa ba, in ina da saƙo matarsa nake ba wa. Haka muka taso.

A tsallaken hanya akwai mai shayi da tsohuwar talabijin ƙarama, hotonta duk yayyafi. Wanda bai sami wuri a rumfa ba can yake tsayawa. Ni ina tsakiya, shi ya sa na gane abin da ba su gane ba. In aka ci ƙwallo, mutanen mai shayi ne ke fara ihu. Sai na juya kifi uku, sannan ihu ya tashi a bayana. Wasa ɗaya ne, amma babbar a baya take tafiya. Daga baya mai haɗa ta ya ce hoto mai kyau nauyi gare shi, shi ya sa yake makara a hanya.

Na cikin rumfa ba sa jin na tsallake, ga lasifika biyu ga janareta. Ɗana kuwa a bakin ƙofa yake zama, kunne ɗaya a waje. Mutanen mai shayi ƙungiyarsu ɗaya da shi, in ya ji ihu ya san nasu ne suka ci, sai ya miƙe ya ɗaga hannu tun ƙwallo tana tsakiyar fili. Daɗin abin yake ji. Magana ta fara yawo a bakin kaskona. Ai ubansa kiran kifi yake yi ya zo, ai ɗan masunta ne, ɗaure wa mutane ƙungiya yake yi. Na aiki matarsa ta ce masa ya riƙa zama. Ta dawo ta ce ya yi dariya, wai a gaya wa Iya wasa ne. Ban sake aikawa ba. Wannan laifina ne, ina ɗauke da shi.

Ranar wasan ƙarshe na kofi, bayan la'asar, rumfa ta cika har da mutanen Kwanar Dangora. A cikinsu akwai ɗan maƙwabciyata, mai noman albasa, magidanci da 'ya'ya uku, wanda har injin ban-ruwansa ya shafa wa fentin ƙungiyarsa. Da aka ci ƙungiyar mai albasa ta farko ɗana ya miƙe kamar yadda ya saba. Na ji mai albasa ya rantse cewa in ya ƙara tashi sai an ɗauke shi.

Wasa ya zo ƙarshe-ƙarshe, ihu ya sake tashi a tsallake. Na ajiye matsami. Na ce ya Allah ka zaunar da shi. Bai zauna ba, har gaban talabijin ya je yana taka rawa. Sannan ƙwallo ta shiga.

Abin da na fara ji ƙarar benci ne a jikin kwano. Na tashi na shiga, ni da ban taɓa shiga taron maza ba. Wani na dafe da baki jini na bin yatsunsa. Ɗana yana ƙasa, ana tattaka shi, ana yage masa riga, ana cewa a ciro layar. Suka samu kuwa, a damtsensa, wadda kakarsa ta ɗaura masa saboda ruwa, irin wadda kowane masunci ke da ita. Wani ya ɗaga ta sama ya ce ga ta nan. Mai albasa ya zaro filafilin kwalekwale da ake tokare ƙofa da shi, ya sauke wa ɗana a gefen kai. Na ji ƙarar, kamar an fasa kabewa. Jini ya fito ta kunne. A samansu kuma, a talabijin, ga wasu mutane a wata ƙasa suna rungumar juna, tar, har hawayensu ana gani.

Mai albasa ya sake ɗaga filafilin, wannan karon ta kaifinsa. A nan na kira sunan ɗana, da ƙarfi, sau biyu, na faɗa kansa. Dukan ya same ni a kafaɗa, na ji ƙashi ya ba da.

Wuri ya tsaya. Na ɗago na dubi mai albasa.

"Ni na yanke maka cibi," na ce. "Ƙara min na biyu."

"Inna, ban gan ki ba."

"Shi ka gan shi ai. Ku kashe lasifikar nan, ku yi shiru, ku saurara."

Wani Bafulatani da ke kusa da wayar lasifikar ya fizge ta. Ba a daɗe ba tsallake ya kaure da ihun an tashi wasa, har da buga kwanuka. A gabanmu kuwa mutanen nan suna ta gudu a kan ciyawa, ba su san an gama ba. Kowa ya zuba ido. Sai can alƙalin ya busa. Wanda ke riƙe da layar ya ajiye ta a kan benci a hankali.

A motar albasa aka kai mu asibiti, mai albasa ne ya tuƙa, yana kuka. Kwana tara ɗana bai san inda yake ba. Ya tashi, amma kunnen hagu ya tafi. Ni kuma hannun dama bai ƙara ɗaguwa sama ba, da hagu nake suya. Mai unguwa ya tara mu aka yi sulhu, na ce na yafe, amma kada mai albasa ya ƙara tsayawa a gaban kaskona. Har yau ta bayan dalbejiya yake wucewa.

An sake buɗe rumfar. Yanzu a tsakiyar benci ɗana yake zama, yana ihu tare da kowa. Wata rana matarsa ta zo tana murmushi, ta ce wai a tambaye ni, ko ni ce ya ji na kira shi ranar nan.

Na juya kifina. Na ce ta gaya masa kunnensa ne ya lalace.