Rikoda a Aji Huɗu

Lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, an ɗebi irinmu masu rabin ilimi an watsa ƙauyuka. Ni na faɗa wata makaranta a bayan Dayi, ajujuwa a jere, bangon da ya raba su bai kai rufi ba. In malamin aji uku ya yi atishawa, yarana na aji huɗu ne ke yi masa sannu.

Wannan malamin aji uku shi ne abokina. Kirista ne, mutumin wajen Kafur, ya girme ni, kuma kafin in yi aure, a gidansa nake cin tuwon dare. Muna da wata al'ada da ba a furta ta. Da damina, in ciyawa ta taso, mutum zai cika wa yara allo da aiki ya sulale gona, maƙwabcinsa ya riƙa leƙa masa aji. Yau ni, gobe shi. Hedimasta ya sani, don shi ma yana yi.

Sai na shiga kwas na ƙaro ilimi daga gida. Darasi a rediyo da yamma, takardu ta gidan waya, ran Asabar mu haɗu da mai koyar da mu a Malumfashi. Ina son satifiket ɗin nan ƙwarai, don na gaji da a kira ni malamin cike gurbi. Ana cikin haka aka ce kowa ya ɗauki darasinsa guda a kaset, cikin aji, da yara na gaske, ya kawo a saurara. Wanda bai kawo ba zai maimaita shekara.

Na aro rikoda wurin mijin yayata, mai sayen auduga a Funtua. Ranar da na ajiye ta a gindin darbejiyar da muke shan iska lokacin tara, hira ta mutu. Hedimasta ya tambaye ni cikin ladabi wa zai saurari kaset ɗin, kuma ko mutumin yana da hulɗa da ofishin ilimi. Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce to madalla, irin madallar da ake yi wa mai tallan magani a kasuwa.

Na sa mata sababbin batura, na kulle ta a kabad ɗin ofis. Washegari na danna, ko motsi. Da na buɗe bayanta sai na tarar da tsofaffin batura, duk shaidar haƙori a jikinsu, irin cizon da muke yi musu in sun mutu don su ƙara kwana. Nawa ban cije su ba. Mutum biyu ke riƙe da makullin ofis, hedimasta da abokina.

Daga ranar zuciyata ta ɓaci. In abokina ya yi dariya, haƙoransa nake kallo. Na koma yawo da rikodar a jaka, har masallaci, wannan kuwa ya tabbatar wa sauran malamai abin da suke zato, cewa rahotonsu nake ɗauka. Ina dosowa inuwa sai a koma maganar ruwan sama.

Na dai ɗauki darasin. Da na kunna a ɗaki, na fara jin kunyar kaina, ashe kowace jimla sai na ce "kun gane?" kuma ban taɓa jiran amsa ba. Abin da na koya a wannan zama ya fi na rediyon duka. Amma can bayan muryata akwai hayaniyar aji uku, sai ga muryar monita raɗau tana cewa a yi shiru, Malam ya tafi gona.

Na yi tunanin gaskiya ce za ta gyara. Na ɗauki rikodar zuwa gidan abokina, na kunna masa, don ya ga na goge a gabansa. Ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa.

"Ashe har ta bango take ji," in ji shi.

Na goge, na mayar baya, na kunna masa shirun. Ya ɗago ya dube ni.

"Kaset nawa gare ka, Malam?"

Tambayar ta yi mini zafi, sai ni ma na jefa masa tawa, na ce wa ya canza mini batura. Ya kawar da kai. Matarsa ta kawo tuwo da miyar kuka, muka yi ta juya loma, aka ɗauke kwanon kusan yadda ya zo.

Na sake ɗaukar darasin. A ranar aji uku tsit yake, abokina yana tsaye a kansu. Haka ya ci gaba da tsayawa har damina ta fita, bai ƙara bar mini ajinsa ba, ciyawa ta cinye masa masara ina gani. Na ce ya je, ni zan riƙe. Ya ce ya gode.

Na samu satifiket, aka mayar da ni Funtua. Shekaru sun ja kafin in ji zai aurar da babbar 'yarsa a Kafur, na hau mota na je. Ya tarbe ni hannu biyu-biyu, ya ja ni inuwa bayan coci, mu kaɗai. Na tambaye shi yaya aiki, yaya sabon hedimasta. Ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya sauka kan jakata.

"Goro ne kawai a ciki, Malam," na ce.

"Na sani," ya ce, ya yi murmushi, ya kama zancen tsadar taki.

Ni kuma, Allah ya yafe mini, haƙoransa nake kallo.