Kukan Somli Bai a Ƙofar Gidanmu na Barking

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar Somli Bai, maƙwabciyata a Barking, wata unguwa a London. Bango ɗaya ya raba mu tun cikin shekarun 1980. 'Yar Indiya ce, daga ƙabilar Banjara, mutanen da kakanninsu fatake ne masu ɗora gishiri da hatsi a kan shanu, yau zango nan, gobe can. Kakana ma falke ne. A nan jininmu ya haɗu.

Ni mace ce mai son tsari, ba na son hayaniya. Ranar da yayar Somli ta iso daga Indiya, sai na ji kuka a titi. Na fito na tarar sun rungume wuyan juna, mayafi ya rufe kawunansu, suna kuka da murya kamar waƙa. Na ɗauka rasuwa aka yi. Da suka gama, Somli ta share ido ta yi dariya.

"Maman Sadiya, kin tsorata? Gaisuwa ce fa! Ke da ba kya kuka ko da albasa."

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Harshensu ba a rubuce suka gaje shi ba, a baki yake tafiya. Idan mata suka daɗe ba su haɗu ba, da kuka suke ba juna labari: da farko gida da iyaye, sannan wahalar rabuwa, sannan waɗanda suka mutu, kowa da sunansa. Ban taɓa ganin hawaye mai tsari irin wannan ba, har yau kuma abin yana ba ni mamaki.

Damuwarta ɗaya ce. 'Yarta Lata a London aka haife ta, da Turanci take amsa mata. "Idan na tafi, wa zai sa sunana a ciki?"

Yanzu da ake gaisawa ta waya ana ganin fuska, nakan ce ko me za ta ce? Na san za ta tambaya ina wuyan da za a riƙe.

Bayan rasuwarta yayar ta sake zuwa. Ina tsaye a ƙofata Lata ta fito sanye da kayan ofis, ta ja mayafin uwarta mai madubai ta rufe kansu biyu. Ta fara kukan, tana tuntuɓe a kalmomin, tsohuwar na ɗora ta a hanya. Ba na jin harshen. Amma sunaye na sani, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe shi ne Somli.

Ranar na yi kuka, ba albasa a kusa.