Gwadabe da Jirgin Kano

Kowace safiya, yana goge gilashin tasinsa a Anguwan Rogo da ke Jos, Gwadabe kan ɗaga kai ya dubi sama. Ya yi shekaru yana kai manya filin jirgin Heipang, amma bai taɓa taka matakalar jirgi ba. A bakin fasinjoji ya ji cewa daga Jos zuwa Kano a sama ba ya kai awa guda.

Da wannan magana ya lallashi mahaifiyarsa lokacin da ta koma Kano wurin yayansa Mahdi, bayan rikicin Jos na 2001.

"Inna, ai Kano nan ne kusa. Ranar da kika neme ni, kafin tuwo ya huce na iso."

"Allah ya sa, ɗan nan," in ji ta.

Wata Talata da hantsi Mahdi ya bugo waya: Inna ta rasu, za a jira shi zuwa azahar. Gwadabe ya nufi Heipang a guje. Ma'aikacin da ya sani ya ce, "Haba Oga Gwadabe, jirgin Legas kaɗai muke da shi yau."

Ya juya motar ya kama hanyar Saminaka, rami bayan rami. Bai shiga Kano ba sai bayan la'asar.

A zaure ya tarar da maza zaune, ƙafafunsu da jar ƙasar maƙabarta. Mahdi ya ce, "Mun jira ka, Gwadabe. Liman ya ce ba a ajiye gawa."

Aka matsa masa a kan tabarma. Bai zauna ba, ya juya ya fita.