Farfesa Badamasi da Ƙwayoyin Aljihun Baba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran Farfesa Badamasi Iliyasu Kangire bayan gajeriyar jinya a Birnin Kudu. Ina cikin aji ina koyarwa labarin ya same ni, na ajiye alli na zauna.

Farfesa, masana sun yi ta rubutu a kanka. Sun ce ka ƙarar da rayuwarka wajen binciken wani ɗan nama da ke zaune a kan ƙoda kamar hula, wanda idan ya zubo sinadarinsa fiye da kima sai jiki ya riƙe gishiri, jini ya hau ya ƙi sauka. Sun ce likitocin nesa na kafa hujja da rubuce-rubucenka kan hawan jini da ciwon suga. Ni Murja ban karanta ko shafi ɗaya ba, ko na karanta ma ba ganewa zan yi ba. Abin da na sani shi ne mahaifina, Malam Sanda na Maruta, yana nan da ransa.

Shekaru aka yi ana ba Baba magani, jininsa ko gezau. Ƙafafunsa suka yi sanyi, salla ma sai a zaune, kullum muna fargabar shanyewar ɓarin jiki irin wadda ta kwantar da yayansa. Kai ne ka gano ɗan naman nan ke ɓarna, ka sauya masa ƙwaya. Muka koma, awo bai sauka ba. Muka sake komawa, jiya i yau. Da wani ne, da ya ce tsufa ne ya sallame mu. Kai kuwa ka ce akwai abin da ba a gani daga ofis.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga ka a zaurenmu, ka zauna kan tabarma kana shan fura. Maƙwabci ya shigo yana kukan ciwon kai, Baba ya zura hannu a aljihu ya miƙa masa ƙwaya biyu. Wani ya ce jiri yake ji, shi ma aka ba shi. Ashe maganin wata ko mako ba ya kaiwa. Baba bai taɓa iya cewa babu ba, kuma a ganinsa maganin Farfesa albarka ne, ina zai sha shi kaɗai? Ni da ke bayan ƙofa raina ya ɓaci ƙwarai, amma kai dariya ka yi.

"Malam, ashe goro na rubuta maka ban sani ba?"

"To Dakta, mutum ya shigo zaurena da ciwo, in bar shi ya fita hannu rabbana? Da wane ido zan dube shi?"

Ka yi masa bayani a hankali cewa ƙwayar da ta dace da shi tana iya cutar da mai raunin ƙoda. Amma ka san hali zanen dutse ne, don haka maimakon ka hana shi kyauta, sai ka sauya masa abin bayarwa. Juma'a na zagayowa ka turo ma'aikacin lafiya da na'urar awon jini da ta suga. Duk wanda ya shigo da ƙorafi, Baba ya ce a auna shi, yana ta washe baki kamar shi ya ƙera na'urar. Aka gano mutane da dama na yawo da ciwo ba su sani ba. Daga baya awon ya bazu zuwa wasu ƙauyukan ƙaramar hukumarmu ta Gwaram, da yardar mutanen kuma ya shiga cikin bincikenka. Baba ya riƙa shan ƙwayarsa, ya miƙe.

Ranar jana'izarka a tsaye ya yi maka salla. A zaman makoki wani dattijo kusa da shi ya dafe kai, yayana Fa'izu ya ga Baba ya zura hannu a aljihu, ya ɗauka ƙwaya ce kuma. Goro ya zaro.

"Ungo wannan. Ranar Juma'a ka zo Maruta a auna ka."

Na yi kukan rashinka, amma zuciyata a natse take, domin ka gama aikinka. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Hajiya Ummussalma, da 'ya'yanka Hadi da Rufaida, da ɗalibanka, da jama'ar Kangire. Allah Ya ba su haƙuri, Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa iliminka ya zama sadaka mai gudana. Kamar yadda ka zama sanadin tsayuwar Baba a sahu, Allah Ya tsayar da kai a sahun salihai. Amin.