Kawu Sjarief da Jerin Masu Jiran Faɗuwa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Laraba, tara ga Afrilu, Kawu Sjarief Moeniralam ya rasu a gidansa da ke gabashin Amsterdam, yana da shekara saba'in da huɗu.

Kawu, shekara talatin ka yi a kasuwar hannun jari. Ka yi ritaya, amma ba ka daina duba jerin nan da hukuma ke fitarwa ba, na masu aron hannun jarin kamfani su sayar, suna jiran farashi ya faɗi su sayo da araha su mayar. Ni da ban wuce karatun allo ba, duk Juma'a sai na tsokane ka: "Kawu, yaushe aka fara sayar da kayan aro?" Sai ka ce, "Ni ba na sayarwa, ja'iri, kallonsu nake yi. In suka taru a kan kamfani, akwai abin da suka shinshino."

Shekara uku da suka wuce, kamfanin kai abinci a keke da nake yi wa aiki ya ce mai so ya karɓi rabin albashinsa a hannun jari. Abokaina duk suka sa hannu. Ni har abin da na tara don buɗe shagon gyaran keke na so in zuba. Ka zaunar da ni, matarka Anti Soraya ta kawo gurasar roti da shayi, ka nuna min sunan kamfanin a jerin.

"Watan jiya su biyu ne, Driss. Yau bakwai. Karɓi Yuronka."

Na bi maganarka ina gunaguni. Sai farashi ya yi ta hawa har wata huɗu! Ban bar ka ka huta ba. Na ɗaura wa kekenka balan-balan mai tambarin kamfanin, ka tuƙa shi haka har masallaci kana dariya.

"Suna kuskure, na sha gani," ka ce. "Amma su suna da kuɗin da za su iya asara, kai ba ka da shi."

Kafin ƙarshen shekara aka rufe kamfanin. Ko sau ɗaya ba ka yi min gori ba, sai ma ka sama wa abokaina biyu aiki. Na buɗe shagon da abin da na tara, ya tsaya da ƙafafunsa, ina ci ina ciyar da mahaifiyata. Tunda na buɗe shi ban taɓa rufewa da rana ba sai ranar jana'izarka.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yalwata kabarinka, Ya yafe min tsokanata. Anti Soraya da 'ya'yansa Farida da Nazir, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sada mu da shi a Aljanna. Amin.